A mayar da sababbin tayoyin baya

Yaya,

Na tarar kana barci, ban so in tashe ka ba. Na koma asibiti in karɓi Inna.

Ga abin da na kasa faɗa maka jiya. Ka ce sababbin tayoyin nan biyu a baya za a sa su. Na ƙi ji, na sa mai faci ya ɗaura su a gaba, wai can sitiyari yake. Da ruwa ya sauko, ina shan kwanar kasuwa sai bayan motar ya zame, ta juya da mu, ni da Baba, muka daki kwalbati. Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Likita ya ce da wuya ƙugun Baba ya koma kamar da.

Makulli yana kan firij, motar tana tashi. Don Allah ka kai a mayar da tayoyin baya kafin kowa ya sake shiga.

Baba bai sani ba. Yana ta cewa laifin ruwa ne, ni kuma na kasa haɗa ido da shi.

Ka yafe mini.

Auta