Amsar Mu'azu ba za ta zo maka a ambulan ba

Suleja, 14 ga Nuwamba, 1979

Zuwa ga ƙanena Nata'ala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, ya kare ku daga sanyin Ingila. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, Kawu Ummaru kuma ya haƙe doyarsa a Maje, bana ta yi kyau. Ka daina rubuta Abuja a bayan ambulan, sabon birni ya karɓe sunan, mu yanzu Suleja muke.

Wasiƙarka ta iso, kuma a ɗakin yayanka Mu'azu na karanta ta, tunda ka san shan inna bai bar masa ƙafar fita ba. Mun ji yadda ka sa wasan yawon duniya cikin na'urar nan ta jami'arku da kuke kira kwamfuta, tana shimfiɗa sabuwar ƙasa duk lokacin da aka fara, har Turawa suka ce ba su taɓa ganin kai irin naka ba. Mu'azu ya ce in sake karantawa, ko na tsallake layi. Na sake, a hankali. Sunansa ba ya ciki.

Ni dai ban manta ba. Mu'azu ne ya ƙirƙiro wasan nan, shi ya yayyanka kwalin sukari, ya zana hanya a wannan, rafi a wancan, dutse, kurmi, ƙauye. A zuba su cikin jaka, a jefa wuri irin na kuɗin da, a zaro kwali ɗaya a ajiye, ƙasa ta yi ta girma a kan tabarma, ta yau daban da ta jiya. Mutumin da bai taɓa taka gindin dutsen Zuma ba shi ya tsara dokokin da suka hana rafi hawa tudu. Shekara tara yana cika littafin dokokin nan da ka ce aronsa za ka yi. Ashe aron kura ne.

Sai a ƙarshen takardarka ka tuna da shi, shi ma ba da suna ba. Ka ce wani lokaci na'urar takan rufe mai wasa tsakanin dutse da ruwa ba mafita, malaminka kuma ya ba ka zuwa ƙarshen shekara ka gyara ko a janye maka tallafin karatu, don haka in tambayi "na gida". Na gida ya yi murmushi. Ya ce wannan dokar a kansa take, bai taɓa rubuta ta ba. Kwana uku yana faɗa ina rubutawa, yana tari yana gwadawa da kwalayensa, har shafi shida, yana cewa in yi rubutu manya-manya don kada ka wahala. Ya ce kada in yi maka faɗa, wai mantuwa ce.

Na ninke shafukan a gabansa, na ce masa zan kai gidan waya. Murhu na kai su, Nata'ala. Da su na hura wutar kokon safe, har shi ma ya sha.

Yanzu kullum yana tambayata ko godiyarka ta iso, ni kuma ina ce masa hanya ce da nisa. Ba zan gaya masa gaskiya ba, kai ma na san ba ka da fuskar gaya masa. In kana son dokar, ka zo da ƙafafun da Allah ya ba ka, ka durƙusa a bakin tabarmarsa ka roƙa. Amma ka yi sauri, don malamin asibiti ya kira ni gefe a kan tarin nan, ya ce da wuya Mu'azu ya ga damina.

Ka gaishe mini da matarka Rabi da ƙaramar Fatsuma. Inna da Kawu Ummaru suna gaishe ku. Mu'azu ma ya ce in gaishe ka, in ce yana alfahari da kai. Amana ce, shi ya sa na rubuta.

Yayarka,
Sailuba