Jar Motar Hajj Miftah

Daren Talata, Sabha, Libiya

Yau Hajj Miftah ya kawo jar motarsa mai ƙofa biyu garejinmu yana murna. Wai kamfanin ya daina ƙera irinta mai giyar hannu, masu saye sun yi ƙaranci.

Ya ce, "Ilu, ta gama hawa titi. Ajiye ta zan yi don ta ƙara daraja."

Na ce masa zama na kashe mota. Dariya kawai ya yi.

Shekara uku ke nan, duk bayan juyen mai ni ke gwada ta a hanyar Ghuddwa. A wannan ɗan lokacin kaɗai nake mantawa ni baƙo ne a ƙasar nan.

Da hannuna na cire mata batir, na lulluɓe ta da tamfol.