Takardun Toka

Lahadi, 9 ga Maris

Zuwa ga matata Sista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya ke da 'yarmu Uwata, kuma aikin asibiti bai fi ƙarfinki ba. Yaya sanyi, yaya baƙunta? Ni lafiya ƙalau. Kin ce a waya ba na iya faɗin komai sai “lafiya lau” da “Allah ya kyauta”, gara in riƙa rubutowa. To ga shi na zauna.

Yau mako biyar da tafiyarku. Takarduna na biyo ku suna nan inda kika bar su, an ce in jira saƙo. Na Toka kuwa na fara su ranar Talata, tunda na yi wa Uwata alkawari a filin jirgi cewa ƙafata ƙafar kyanwarta. Na ɗauka aikin yini guda ne. Ashe kyanwa ta fi mutum wahalar fita ƙasa.

Likitar dabbobi ta duba katin allurarta ta ture shi gefe. Wai ƙasar da kuke ba ta yarda da rigakafin haukan kare sai in an riga an dasa wa dabba wata 'yar na'ura mai lamba a ƙarƙashin fata, ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba. Ita ce shaidar cewa kyanwar da aka yi wa allura ita ce a cikin akwati. Mu kuwa mun yi allura a Janairu, babu lamba. Sai aka dasa, aka sake allurar, lissafi ya koma farko. Bayan kwana talatin za a ɗebi jininta a aika waje a gwada. In ya yi kyau, a jira wata uku daga ranar ɗiba. Sannan ki nemo mata izinin shiga daga wajenku, ni kuma in karɓi takardar lafiya a nan, wadda kwana goma kacal take aiki. Na ce wa likita ai ni da nake mutum ba a nemi jinina ba. Ta ce ni ba na cizo.

Na lissafa, ba za ta iya tashi kafin farkon Yuli ba. Da yardar Allah kafin nan nawa sun fito, mu shigo jirgi ɗaya. Ki faɗa wa Uwata haka, amma kada ki ba ta rana.

Gida shiru. Har yanzu hannuna bai koyi awon tukunyar mutum ɗaya ba, kullum sai na rage. Toka tana hawa taga da ƙarfe biyu, lokacin da motar makaranta ke tsayawa, ta kalli yaran suna sauka, ta sauko.

Ki gaishe da Uwata, ki ce ta sa safa.

Mijinki,
Mai Awo

Lahadi, 18 ga Mayu

Sista,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan tarin da na ji kina yi a waya ya sake ki. Ki sha abin da kike ba marasa lafiya, ki daina cewa zai wuce.

Sakamakon jini ya dawo, ya yi kyau. Saura jira. Na kuma sayi akwatin tafiya, bayan na mayar da na farko. Kamfanin jirgi yana da ƙa'ida: dole Toka ta iya tsayuwa kunnenta bai taɓa rufi ba, ta juya, ta kwanta a miƙe. Ƙofar ta zama ta ƙarfe, a ɗaure sama da ƙasa da kusoshi masu noti, kofin ruwa a maƙale ta yadda za a zuba daga waje ba sai an buɗe ba. Na kawo tef daga ofis na auna ta daga hanci zuwa gindin wutsiya. Shekara goma sha tara ina auna filaye, ban taɓa samun filin da ke tashi ya tafi ana tsakar awo ba. Yayata ta shigo ta same ni durƙushe da tef da fensir a kunne, ta ce namiji da gemunsa, wai ko riga zan ɗinka wa amarya.

Ta zo ne ɗaukar kujerun falo da gadon Uwata, kamar yadda kuka yi da ita. Yanzu falon babu komai sai tabarma da akwatin. In na yi tari sai bango ya amsa. Likita ta ce in cire ƙofar akwatin in riƙa sa mata abinci a ciki har ta ɗauke shi ɗakinta, domin ba a ba dabba maganin barci a jirgi, yana iya tsayar da numfashi. Kwana shida ta yi tana miƙa wuya ta ciyo abinci, ƙafafunta na baya a waje. Yanzu ta saba. Ni ma na koma cin abinci a kan tabarmar, kusa da ita. Nakan ba ta labarin ofis. Ba ta taɓa katse ni ba, abin da ban samu a wajenki ba.

Game da nawa: sun nemi ƙarin takardu, na kai, sun ce babu ranar da za su iya ba ni. Mai yiwuwa wata biyu, mai yiwuwa shekara.

Na karanta abin da kika rubuto game da Uwata sau uku. Cewa malamarta ta kira ki, wai wata uku ba ta buɗe baki a aji ba, kuma lokacin hutun tara ita kaɗai take zama a bakin matakala. Yarinyar da sai an roƙe ta take yin shiru. Na gane dalilinki na cewa in Yuli ya zo nawa ba su fito ba, in aiko Toka ita kaɗai ta sashen kaya. Na tambaya, ana yi. Sai dai akwai sauka a wata ƙasa a hanya, awa biyar, kuma ba ta taɓa kwana a wani wuri ba mu ba. Bari mu ga abin da Allah zai yi kafin lokacin.

Naki,
Mai Awo

Lahadi, 20 ga Yuli

Sista,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Wannan wasiƙar ki karanta ta ke kaɗai.

Abin da na faɗa muku a waya ranar goma ga wata ba gaskiya ba ne. Na ce kamfanin jirgi ya ƙi ɗaukar Toka saboda zafi. Akwai wannan ƙa'idar, in zafi ya kai wani mataki ba sa ɗaukar dabba, shi ya sa ƙaryar ta zo mini da sauƙi. Amma ranar an wayi gari da hadari, kuma babu wanda ya hana ni.

Komai ya kammala. Izinin da kika samo yana hannuna, likita ta duba ta ranar Litinin, na kai takardar lafiyar ofishin gwamnati an buga hatimi, an ba ta wuri a jirgin Alhamis. Da safe ta shiga akwatin da kanta, na ɗaura ƙofar, na kira mota. Na sauko hawa biyu. A hawa na ƙasa na ajiye akwatin don in sauya hannu, sai na tuna ban kashe fanka ba. Na koma ni kaɗai na buɗe ƙofa. Sista, falon nan na gani yadda zai kasance da yamma in na dawo, tabarma da bango. Na daɗe a tsaye. Sai na sauka na sallami direba, na hau da ita.

Na ce wa kaina gobe. Goben ta zo na tafi ofis. Haka na zuba wa takardar ido a kan taga har kwana gomanta suka cika ranar Alhamis ɗin nan, ta zama takardar banza.

Da Uwata ta yi kuka ko ta yi mini rigima, da wataƙila na ci gaba da ƙaryar. Amma jiya da kika ba ta waya cewa ta yi ba komai Baba, Toka ta zauna ta taya ni hira, ita kam ta saba da zama ita kaɗai. Shekararta tara. Ban san a ina ta koyi wannan maganar ba, kuma ban so ta iya ta ba.

Na koma wajen likita da yamma na faɗa mata yadda aka yi, don kunya ta hana ni ƙirƙiro wani dalili. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ba ni ne na farko ba, amma in tuna izinin shiga ƙarshen wata zai ƙare, kuma sake nemansa sai a kai wata biyu, makarantar Uwata ta buɗe ke nan. Ta ba ni Laraba in kawo Toka a sake takardar lafiya. Akwai wuri a jirgin Talata, ashirin da tara.

Ba na neman ki ce ba komai. In kin ga ya dace Uwata ta sani, ki bari ni in faɗa mata da bakina.

Mijinki,
Mai Awo

Talata, 29 ga Yuli

Sista,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da amsarki, har da faɗan da ke cikinta. Na ɗauki hoton wannan na turo miki don ta riga jirgin isowa.

Toka ta tashi ƙarfe ɗaya da kwata. Wannan karon Yaya na roƙa ta kai mu da motarta, na kuma ba ta makullin gidan ta riƙe a jakarta. Ta ce ko na manta murhu a kunne sai dai gidan ya ƙone.

Sashen kaya ba ya cikin ginin da na raka ku. Wani babban sito ne a bayan filin, da manyan motoci da kwalaye. An ce mu zo awa huɗu kafin tashi. Wata ma'aikaciya ta goga na'ura a wuyan Toka, lambar ta fito, ta gwada da ta takardu baƙi bayan baƙi. Aka ɗora akwatin a sikeli, kilo bakwai da ɗigo biyu. Aka manna kibiyoyi masu nuna sama, aka ɗaure ƙofar da igiyar roba. Ruwan kofinta na daskarar tun jiya don kada ya zube wajen lodi. Ba ta yi kuka ba. Ta kalle ni ta cikin ƙarfen har mai turawa ya sha kwana da ita. Na sa hannu a wuri huɗu, aka ba ni takarda ruwan hoda, shi ke nan.

Ga abin da za ki yi. Jirgin zai sauka gobe bakwai na safe agogonku, amma sai likitan filin ya duba ta, kada ku zo kafin tara. Ki je sashen kaya da katin shaidarki da lambar da na turo. Asalin takardun suna cikin leda a manne a saman akwatin. Kada ku buɗe sai kun isa gida kun rufe tagogi. Ruwa tukuna, abinci kaɗan bayan awa guda. Za ta shige ƙarƙashin gado kwana ɗaya ko biyu. Ki gaya wa Uwata ba fushi ba ne, kada ta jawo ta, ta zauna a ƙasa kawai, za ta fito da kanta.

Na dawo gida da la'asar. Yaya ta so in bi ta in kwana can, na ce a'a, gara in fara yau. Na share falo, na naɗe tabarmar na mayar ɗaki.

Abu na ƙarshe. Za ki ga singileti a shimfiɗe a cikin akwatin. Tawa ce. Likita ta ce a sa mata tufa mai ƙamshin wanda ta sani don hankalinta ya kwanta a hanya, sai na sa ta kwana uku ban wanke ba. Na san halinki, kina gani za ki jefa ta cikin ruwan sabulu. Ki bar ta tukuna.

Ki sumbaci Uwata. Ki kira ni in kun karɓe ta, ko ƙarfe nawa ne.

Mijinki,
Mai Awo