Gurasar Dowran

Mary, Litinin

Begench, ƙanena,

Sallama da fatan kana lafiya, kai da iyali. Direban tasi na ba wa wannan wasiƙa daga nan garin Mary, tunda ka ce wayar ofishinku kunnuwa gare ta.

Ɗana Dowran ya ji rauni a asibitin da yake jinyar mutane a ƙetaren iyaka. Bam ne. Magani babu, takunkumi ya hana shi shiga. Akwai jirgin sojan wata ƙasa da zai kwashe masu rauni, hanyarsa mafi kusa ta sararin samaniyarmu ce. Kai ke zaune a ɗakin da ake ba da izinin wucewa. Kai ne kawunsa, kai ka yi masa askin fari. Ba sai na ƙara ba.

Yayarka,
Ogulgerek

Birnin Ashgabat, Talata

Yaya mai daraja,

Gaisuwa da girmamawa. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune.

Kin san mu 'yan ba-ruwanmu ne. Jirgin soja ba ya ratsa mu, na kowane ɓangare. In na buɗe wa wannan, gobe ɗayan ɓangaren zai nemi nasa, kuma nasa ba majinyata zai ɗauko ba. Na roƙi na sama da ni, ya ce in sha shayi. Jirgin zai zagaya ta teku. Dowran jarumi ne, zai jure.

Ki yafe mini.
Begench

Mary, Asabar

Begench,

Ina gaishe ka, don Inna ta koya mana gaisuwa.

Bai jure ba. A saman tekun naka ya cika, jini ya ƙare masa.

Shekarata ashirin ina koya wa yara cewa tsaka-tsakinmu abin alfahari ne, har waƙarsa nake sa su rera. Tsuntsaye na ratsa mu, iskar gas ɗinmu na ratsa kowa, ɗana ne kaɗai ya yi wa samaniyarmu nauyi.

Ranar tafiyarsa ya gatsi gurasa, na rataye ta a bango don in ya dawo ya cinye, yadda ake yi a al'adarmu. Ga ta nan a ƙunshe. Ta bushe, sai ka jiƙa a shayin.

Ogulgerek

Ashgabat, Lahadi

Yaya,

Ta iso. Shatin haƙoransa na nan. In zo zaman makoki?

Begench

Mary, Litinin

Begench,

Ka zagayo ta teku.

Ogulgerek