Motar Katung da Tuwon Mama

Woolwich, Landan

Zuwa ga Yayana Obadiah,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti Jemima da yara da dukan mutanen Kafanchan. Allah ya ba ku damina mai albarka. Mu ma lafiya lau. 'Yarmu Cynthia ta gama jarrabawa, Hausarta dai har yanzu ji ne babu mayarwa.

Na san labarin Mama ka fi so ka ji. Likita ya ce in ta daure da motsa jikin da ake yi mata a asibiti, ƙafar da ta shanye za ta taka. Amma zuciyarta ce ta karaya, Yaya. Tun da zafi ya shigo flat ɗinmu ya zama kamar tanda, kullum zancenta a mayar da ita gida ta mutu a ɗakinta. Ta daina zuwa asibitin, sai ta koma matsa maka da maganar tikitin jirgi. Na yi kuka har na gaji.

Ana haka sai mijina Katung, sarkin kwashe-kwashe, ya sayo wata tsohuwar mota mai ɗaki a ciki, da gado da murhun gas, ta girmi aurenmu nesa ba kusa ba. Na tambaye shi ina za mu kai wannan akwala, ya ce bakin teku zai kai Mama ta sha iska. Abin mamaki, da Mama ta hango ta ta taga sai ta tambaya ko da gaske ana girki a ciki. Rabon da ta tambayi wani abu har na manta.

Matsalar ita ce AC ɗin ba ya sanyi, ga shi likita ya gargaɗe mu kada zafi ya same ta a hanya. Katung ya ɗauka nan ma Kaduna ce, ka tsaya a bakin titi a ɗura maka gas ka wuce. Ashe irin gas ɗin da AC ɗin motar ke sha, R12, an daɗe da hana shi. Mai garejin da ya kai motar, wani Abdul-Ganiyu, ya ce hanya biyu ce. Akwai na gwangwani da ake ɗurawa nan take, yana sanyi sosai, amma ɗan'uwan gas ɗin girki ne, in ya yi yoyo ya haɗu da wuta sai abin da Allah ya yi. Akwai kuma R134a, shi babu wannan fargabar, sai dai dole a wanke bututu, a canza mai da robobi, motar ta yi makonni a gareji, kuma sanyinsa bai kai na da ba.

Ka san Katung da gaggawa. Ya zaɓi na gwangwani, ya ce a cire murhun kawai mu riƙa sayen abinci a hanya. Ni ma na goyi bayansa, don ina tsoron kada ɗokin Mama ya huce kafin a gama. Ranar muna cin abinci sai Mama ta ce in nemo mata garin acca da busasshiyar kuɓewa, ita da hannunta za ta tuƙa wa surukinta tuwo a cikin motar nan, tun da ya tuna da ita. Yaya, da ka ga Katung. Ya sunkuyar da kai yana ta godiya, gumi na keto masa. Mutumin da ko ido ba ya haɗawa da ita, da wane baki zai ce wa surukarsa zai cire murhu? Washegari da kansa ya mayar da motar ya ce a bi doguwar hanya. Da na tsokane shi sai ya ce ai dama sauri kan haifi nawa, kamar ba shi ne mai saurin ba.

Jiran da nake tsoro kuwa shi ya zama alheri. Mama ta ce ba za a ɗauke ta kamar buhun masara a saka a mota ba, da ƙafarta za ta hau matakalar ƙofar. Ita ta sa na yi mata booking, ta koma asibiti, ba ta ƙara fashi ba. Jiya aka dawo da motar, sanyi daidai wa daida. Mun sauko da Mama, ta ɗora ƙafa a matakala ta sauke, ta sake ɗorawa, ta hana kowa ya taɓa ta. Ba ta iya hawa ba tukuna. Na ce mata zan rubuta maka, ko tana da saƙo. Tana haki ta ce, "Ki ce wa Obadiah ya dakata da zancen tikitin nan. Ban gama da ƙafar nan ba."

To ka ji, Yaya. Ku ci gaba da sa ta a addu'a. Ka gai da Anti Jemima, da Kawu Godwin, da Goggo Damata, da Dokas da jaririnta. Katung da Cynthia suna gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Tabitha