A-kori-kurar da Ta Ƙi Tashi a Tirwun

Kaduna,
10 ga Yuli, 2023

Zuwa ga Baba Amos,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Mama Liatu da jikoki. Yaya ƙafar nan taka? In har yanzu tana kumbura, don Allah ka daina biye wa masu jiƙe-jiƙe, ka je asibiti a duba ta.

Da kunnenka yana ji da waya zan kira ka, amma tunda bugun ƙarfe na shekara arba'in ya tafi da shi, ga takarda ta hannun direban da ya saba kawo maka saƙo.

Baba, maganar a-kori-kurar mahaifinmu Malam ce. Ka san yadda aka yi a rabon gado. Ƙanena Usama ya so a kira 'yan gwangwan su yanka ta su auna, ni kuma na ce a sa ta a kasona, ko da kaji ne za su ci gaba da kwana a cikinta. Aka yi mini dariya, na shanye. A motar nan na girma. Ita ke kwaso masara daga gonar Tirwun zuwa Kasuwar Muda Lawal, ina zaune a gaba kusa da Malam, ƙafata ko ƙasa ba ta kaiwa. Har yau ina ganinsa in mun dawo da la'asar, yana ɗaga bonet ya ciro wani ɗan baƙin abu ya jefa a aljihu, sannan ya tafi alwala.

Na ba ka aikin ne don ba wanda ya san cikinta kamar kai. Ka ce mini wata uku. Yau wata takwas ke nan, kuma duk abin da ka ce a nemo an nemo. To me ya rage? Usama ya ce kullum sai ka zo tsakar gida ka shige ƙarƙashinta, ka fito ka wanke hannu ka tafi, mota kuwa ko tari ba ta taɓa yi ba. Ba zarginka nake yi ba, amma hankalina bai kwanta ba, kuma ka san ni ban iya riƙe abu a ciki ba.

Ka huta lafiya.
'Yarka,
Khadijatu Abdulsalam

Yelwa, Bauchi,
18 ga Yuli, 2023

'Yata Khadijatu,

Na gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Takardarki ta iso. Ƙafa da sauƙi. Liatu ta ce in gaya miki ta gode, amma ba na jin maganarta ma balle taki.

Kin tambayi aiki, ga aiki. Ran da na ɗage tamfol ɗin da ke kanta, na tarar ɓeraye sun cinye wayoyi kaf. Ƙasan bodi ya ruɓe, har ina hango ƙasa ta wurin da Malam yake sa ƙafa. Na ɗaura sarƙa a reshen mangwaron gidanku na sauke inji. Na kwance shi noti-noti, na wanke da kananzir, na sa sabon ringi. Lagireto yana yoyo wuri uku, an toshe. Birki sabo, wayoyi sababbi. Katakon baya na fitar na sa wani. Rashin wuta ya ɓata mini kwanaki wajen walda, ba ƙarya.

Fenti na mayar mata da nata na da, ruwan madara, ko da yake akwai wanda ya so a yi ja.

Saura abu kaɗan. Ba na saye ba ne, kada ki aiko da komai. Yaushe za ki zo Bauchi? Wannan nake so in sani. Kuma takardun motar, suna wurinki? In suna wurinki, ki bar su a wurinki.

Allah ya tsare ki a wurin aiki.
Ni ne,
Amos

Tirwun, Bauchi,
31 ga Yuli, 2023

Assalamu alaikum, Yaya Khadija,

Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Matata Yasmin tana gaishe ki. Tunda ke kika kafa sharaɗi a gaban Kawu cewa duk maganar motar nan sai a rubuce, to ga shi a rubuce, don kada gobe a ce Usama ya ce ko bai ce ba.

Yaya, tsohon nan wasa yake yi da hankalinki. Sau uku da idona na ga ya fita da buhu a bayan babur. Na tare shi na yi masa alama da hannu, sai ya buɗe ya nuna mini wasu ƙarafa ya wuce. Ni ma'aikacin ofis ne, ina na san na kirki da ruɓaɓɓe? Wa ya sani ko masu kyan ne yake kwashewa yana cusa mata tarkace?

Ranar Laraba da bai zo ba, na ce bari in gwada da kaina. Batir sabo, ga mai a tanki. Na murɗa makulli, tana ta gurnani, ta ƙi kamawa. Sai na je na ɗauko wani makanike, Lucky, wanda kowa ya ce a Bauchi shi ya rage da sanin tsofaffin Fijo. Mutum ne babba, har da furfura. Ya ɗaga bonet, ya leƙa, wallahi ko minti biyu bai yi ba ya mayar ya rufe. Ya tambaye ni aikin wa ne. Na ce na Amos. Sai ya goge hannu ya ce:

“Maigidana ne, a wurinsa na koya. Ba na sa hannu a aikin da bai ce ya gama ba.”

Na ce to ko abin da ya lalace ya faɗa mini. Ya ce in tambayi mai aikin. Na kawo wani washegari, shi ma da ya ji sunan sai ya hau babur ɗinsa. Yanzu ke ki gaya mini, in ba bakinsu ɗaya ba mene ne wannan?

Ke kina Kaduna, ni ke zagaye ƙarfen nan safe da yamma. Yasmin ba ta da wurin shanya, yara kullum da baƙin mai a riga. Ni na yi jinyar Malam a gidan nan, ban taɓa gori ba, amma a riƙa tunawa.

Shawarata ki sallame shi. Kuma ki aiko mini da takardun motar in sabunta su, duk sun mutu, tunda ina da ɗan sani a ofishin.

Wassalam.
Ƙanenki,
Usama

Kaduna,
7 ga Agusta, 2023

Baba Amos,

Ina gaisuwa.

Ban taɓa zaton zan rubuta maka irin wannan takarda ba. An gaya mini kana fita da kayan motar a buhu. An gaya mini yaranka na da sun haɗa baki, ba wanda zai faɗi abin da ke damunta. Na tambaye ka me ya rage, ka kewaye ni da labarin ɓeraye da fenti. Tambayar da ka yi a kan takardu ma yanzu ta fara yi mini wani iri. Me makanike zai yi da takardun mota?

Raina ya ɓaci, Baba. Malam ya yarda da kai fiye da yadda ya yarda da 'yan'uwansa na jini, a kwano ɗaya kuke cin tuwo. In kayanta kake so, da ka tambaye ni.

Ka tsayar da aikin. Ka miƙa wa Usama duk abin da yake nata, ka kwashe sifanunka daga gidan. Takardu kuwa ranar Juma'a zan aika masa da su.

Khadijatu

Yelwa, Bauchi,
9 ga Agusta, 2023

Khadijatu,

Na gaishe ki. Na karanta takardarki sau biyu. Liatu ta karɓa ta karanta, ta shiga ɗaki ta bar ni a waje. Shekarata saba'in da ɗaya, ba a taɓa kirana ɓarawo ba sai yau, kuma da rubutun yarinyar da na koya wa riƙe sitiyari. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba.

Na kwashe sifanuna jiya. Buhunan suna nan bayan ɗakina, tsofaffin kayan da na cire ne, kowanne na ɗaura masa takarda. Na kawo su gida ne don 'yan gwangwan suna leƙa gidanku. Ki aiko a ɗauka.

Yanzu ki buɗe ƙunshin da ke cikin ambulan ɗin nan. Ɗan baƙin abin nan sunansa rota. Shi ke raba wuta ga fulogi, in babu shi mota ba ta tashi ko za a kwana ana murɗa makulli. Shi ne kika ce kina ganin Malam yana jefawa a aljihu. Ni na koya masa, saboda ɓarayi.

Motarki ta gama tun watan Afrilu. Ran da Yasmin ta tafi biki Azare da yara, Usama yana ofis, na tayar da ita. Ban ji ƙararta ba. Na ɗora tafin hannuna a kan inji, yana tafiya sumul kamar keken ɗinki. Na zauna a kujerar Malam na yi kuka, sannan na kashe ta, na cire rota na sa a aljihu. Tun ranar nake shiga ƙarƙashinta ina kwance noti ina mayarwa, ina jira ki zo. Lucky ya ga babu rota da ya ɗaga bonet, shi ya zo ya ba ni labari. Ba haɗin baki ba ne, ƙa'idar aikinmu ya bi.

Ga dalili. Kwana biyu kafin in tayar da ita, Usama ya shigo da wani Alhaji daga GRA, mai tara tsofaffin motoci. Ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa bodi, suka yi ta magana a gabana tunda kurma ne ni. Aka kira Usama cikin gida. Alhajin ya ɗauka na san komai, ya yagi takarda ya rubuta mini tambaya, kamar yadda kowa yake yi mini. Ga takardar nan na haɗa miki, ki karanta da idonki: “Baba, yaushe motata za ta tashi? Ja nake so a yi mata. Usama ya ce takardu suna hanya.”

Za ki ce me ya hana ni faɗa tun farko. Ku biyu kaɗai Malam ya bari. Ran da na je duba shi a asibiti ya riƙe hannuna ya nuna ku, ban ji abin da ya ce ba amma na gane. Ban so ya zama ta bakina kuka rabu ba. Na ce in kin zo da ƙafarki kin hau motarki kin tafi, magana ta mutu, ba wanda ya ji kunya. Na yi kuskure da na yi shiru har haka, na yarda.

Kada ki ci mutuncin Usama. Ya gaji ne, kuma shi bai zauna a gaban motar nan kamar ke ba, lokacin da ya yi wayo ta riga ta fara mutuwa. Amma ki sani rota ba abu ne mai wuyar samu ba. Duk ran da ya kawo makaniken da bai san ni ba, an gama.

Ni dai na gama nawa. Gidan kuma ba zan sake shiga ba, an sallame ni a rubuce.

Ubangiji ya kiyaye ki.
Amos

Kaduna,
10 ga Agusta, 2023

Baba,

Ina durƙushe nake gaishe ka, kai da Mama Liatu.

Ina buɗe ƙunshin na gane shi. Na kasa komawa bakin aiki, sai da wata abokiyar aikina ta karɓe ni. Na yi maka mummunan zato, na rubuta da hannuna, ba ni da abin cewa sai ka yafe mini.

Takardu suna jakata, rota yana ɗaure a bakin mayafina. Na rubuta wa Usama layi biyu kawai, na ce ina zuwa jibi Asabar, ya jira ni a gida. Ba zan ci mutuncinsa ba, tunda ka hana.

Amma ba Tirwun zan fara sauka ba. Motar farko zan biyo, kafin azahar ina ƙofar gidanka. Ban san inda ake sa abin nan ba, kuma ba zan ba kowa ya sa ba. In ka ƙi fitowa, zan zauna a wajen Mama har ka fito, mota kuwa ta ci gaba da zama a ƙarƙashin mangwaro.

Zan zo da biro da takarda. Kai ka tayar da ita, ni kuma in rubuta maka yadda ƙararta take.

'Yarka mai neman gafara,
Khadijatu