Usman Yana Madina, Ni Ina Ƙofar Filin Jirgi

Zuwa ga Mudir, shugaban kamfaninmu na hidimar alhazai da masu Umara, Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kuna lafiya tare da iyali, Allah ya ƙara girma. Ni ne Bello na unguwar Rusaifa a nan Makka, wanda ya yi shekara goma sha tara yana raka baƙinku Hausawa zuwa Madina. Sau uku ina zuwa ofis a kan maganar nan ana ce mini kuna taro, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko, ranka ya daɗe, bari in fara da laifina kafin wani ya riga ni. Ranar da kuka tara mu kuka ce an daina kai baƙi Madina ta jirgin sama, an koma jirgin ƙasa mai gudun nan, ni ne na miƙe na ce Alhajin da ya sayar da shanunsa ya zo ba zai yarda a cusa shi cikin jirgin ƙasa ba. Har dariya na yi. Baki shi ke yanka wuya. Kun ce tafiyar da ba ta cika awa guda a sama ba, bai kamata a ƙona mata man jirgi ana ƙara wa duniya zafi ba, ga mai tafiya da lantarki a ƙofar gida. A lokacin na ɗauka zancen 'yan boko ne. To, ni da na raba ruwa a Arfa tun ina da baƙin gashi, na san ranar yanzu ba irin ta da ba ce, na ga tsofaffi suna zubewa a gabana. Kuma na san wahalar tsohuwar hanya fiye da kowa: mota zuwa Jidda, layi, awon kaya, zaman jira da tsofaffi masu ciwon ƙafa. Yau mutum ya shiga a tashar Rusaifa bayan azahar, ya yi magariba a Madina. Kun yi gaskiya, ni na yi kuskure.

Na biyu, sai kuka ba Usman rakiyar, ni kuka ajiye ni a ƙofar filin jirgin Jidda ina ɗaga allo mai sunayen baƙi. Usman maƙwabcina ne, haifaffen Makka, kuma ni na riƙo hannunsa na kawo shi kamfanin nan. Ba zan ɓoye muku ba, kishinsa nake yi, kishi mai hana abinci daɗi. Gidana yana kallon tashar. Da safe ina jiran motar Jidda sai in hango shi ya nufi can da farar jallabiya da katin kamfani a wuya, baƙi na biye da shi. Ya ɗaga mini hannu, in ɗaga masa, zuciyata kuwa kamar ta tsage. Da kuka buga hotonsa a takardar talla, yana murmushi a bakin taga an rubuta cewa kamfaninmu na kula da muhalli, matata ta kawo mini takardar wai in ga yadda ya yi kyau. Ranar ban ci tuwo ba. Na yi istigfari, na gaya wa kaina ba hassada ba ce tunda ban roƙi a ƙwace masa ba. Amma Allah ya sani, akwai safiyar da na so a ce jirgin ya tafi ya bar shi.

Na uku, kuma wannan ba kishi ba ne, ku bincika. Usman ya fi ni iya sayen tikiti a waya, ya fi ni Larabci nesa ba kusa ba. Amma Hausarsa ta gaisuwa ce da ciniki. Mai dawowa daga Madina da niyyar Umara dole ya ɗaura niyya a miƙati, jirgin nan kuwa ba ya tsayawa a can, jim kaɗan da tashi ya wuce wurin. Ana sanarwa a lasifika, sai dai ba da Hausa ba. A azumin da ya wuce, wasu tsofaffi huɗu 'yan Sakkwato sun sa haraminsu tun a masauki, suka zauna suna jiran jirgi ya tsaya a masallacin miƙati kamar yadda mota ke yi, su sauka su yi raka'a biyu su yi niyya. Usman ya bi kujeru ya faɗa da Larabci cewa a yi niyya, suka gyaɗa masa kai don kunya. Sai da suka hango duwatsun Makka suka tambaya ko an kusa miƙati. Gidana aka kawo su, ni na kai su wurin malami, ɗaya daga cikinsu yana kuka da hawaye. Ni lokacin da nake rakiya, tun daren tafiya nake zaunar da mutanena in bi da su daki-daki, in sa kowa ya maimaita da bakinsa. Usman bai yi da gangan ba, mutumin kirki ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Don haka ga roƙona. Kada ku koma jirgin sama saboda ni, kada kuma ku cire Usman. Ku haɗa mu. Shi ya riƙe waya da tikiti da shugabanci, hotonsa ma ya ci gaba da zama a takarda, zan daure. Ni ku ba ni kujerar bakin ƙofa in zama bakin tsofaffi, ina yi musu tafinta. In an ce in ɗauki jakarsa, zan ɗauka. Allon filin jirgi kuwa kowa zai iya ɗaga shi.

Wata tara ke nan rabona da Madina, don aikin Jidda ba ya ba ni kwana biyu a jere. Ni ne wanda tsofaffin unguwa ke tarewa a hanya su ba ni saƙon sallama in kai gaban kabarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Makon jiya, ranka ya daɗe, ni da kaina na ƙwanƙwasa ƙofar Usman na ba shi nawa saƙon. Ya karɓa da ladabi, ya ce zai isar. Na dawo gida na rufe ɗaki.

Allah ya ba ku ikon yin adalci, ya albarkaci kamfani da zuriyarku, ya sa ku gama da duniya lafiya. Allah ya kiyaye Usman a hanya, ya cire mini abin da ke raina game da shi.

Wassalam.

Ma'aikacinku,
Bello na Rusaifa, Makka.